Ƙararrawar injin jirginmu a Tafkin Jabi

Leda ce ta ja mini wannan aiki. Wata Asabar muna tsakiyar Tafkin Jabi da ke Abuja a jirgin Alhaji, ɗan ƙarami mai injin dizal na Yanmar, sai leda ta toshe bakin da inji ke zuƙo ruwan sanyaya kansa. Allurar zafi tana ta hawa, ni kuwa hankalina yana wajen fasinja. Ƙaurin roba ne ya ankarar da ni. Farfelar robar da ke cikin famfon ruwa ta ƙone ƙurmus, Allah dai ya taƙaita, gaskit bai tafi ba. Da muka fito Alhaji ya ce, "Ka sa mana abin da zai yi ihu, tunda idonka ba ya kan allura."

Na je Apo na sayo ƙararrawa mai bolt 12, jajayen fitilu biyu, fiyus mai amfiya 5, da makunni biyu da ake ɗaurawa a jikin inji. Halinsu ya sha bamban. Na baƙin mai a haɗe yake muddin babu matsi, sai inji ya tashi mai ya fara zagayawa sannan ya katse. Na zafi kuwa a katse yake, sai ruwa ya kai digirin da aka buga a jikinsa, nawa 95, sannan ya haɗa. Dukansu nagatif suke bayarwa ta jikin inji, don haka fozitif daga makulli na ɗauko, ya bi ta fiyus, ya isa ƙararrawa da fitilu.

Ina murza makulli ta yi ƙara, har na fara murna, sai na ga fitilun biyu sun kama tare. To yanzu idan ta yi kuka a kan ruwa, mai ne ko zafi? Washegari na koma wajen wani dattijo mai rewaya. Ya saurare ni ya ce, "Yaro, wuta ce ke komawa da baya." Ya miƙo mini dayod biyu ƙirar 1N4007, wato 'yan abubuwan da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, kowane layi ɗaya, ɓangaren mai zobe ya fuskanci makunni. Shi ke nan, kowace fitila ta tsaya a kan aikinta.

Ina shirin tafiya ya tambaye ni da me na naɗe wurin da ake murɗa makunnin zafi cikin inji. Na ce farin tef ɗin masu gyaran famfo, kada ruwa ya zuba.

"Sau nawa?"

"Baba, na dai cika shi sosai."

Ya yi dariya ya ce in je in auna. Da na sa mita tsakanin makunni da jikin inji, babu haɗi ko kaɗan, tef ɗin ya tare hanyar nagatif. Wato ko inji zai narke, ƙararrawar nan ba za ta ce uffan ba, kuma ƙarar da take yi lokacin tayarwa ta ɓangaren mai ce kawai, ita ce ta ruɗe ni. Na kwance, na kankare tef ɗin, na tsoma makunnin a tafasasshen ruwa na ga ya haɗa, sannan na mayar.

Daga baya na ƙara makunni na uku a jikin tiyon salansa, domin idan ruwan tafki ya yanke, nan ne ke fara ɗaukar zafi tun kafin inji ya ji a jikinsa. Duk da haka, kullum na tayar sai na leƙa bayan jirgi na ga ruwa yana fita tare da hayaƙi kafin in kwance igiya.