Bashin Wanda Ya Riga Ni Zama A Gidan

A watan Satumban 2022 na kama hayar wani ƙaramin gida a Manchester, ni da iyalina, kuma ba mu cika mako uku ba wasiƙu suka fara shigowa da sunan wani mutum da ban taɓa gani ba. Nakan rubuta a jikin ambulan cewa ba ya zaune a nan, in mayar wa gidan waya, ina ganin na sauke nauyi. Ashe masu ƙwatar bashi sun saba ganin irin wannan rubutu daga waɗanda ake bi ɗin da kansu, saboda haka ba ya hana su komai.

Wata rana na dawo daga aiki na tarar an cuso takarda da jan rubutu ta ƙofa, ana cewa an zo ba a same mu ba, kuma za a dawo a kwashe kaya. Bashin harajin gida ne na ƙaramar hukuma, ya kuma kumbura, domin a lokacin doka ta yarda su ɗora fam 75 da zarar sun aika sanarwa, sannan fam 235 ranar da suka tako ƙofa. Daren nan ban runtsa ba. Har raina ya raya mini in biya a rabu lafiya, don baƙo a ƙasar mutane ba ya son a ji sunansa kusa da kotu.

Ma'aikaciyar da na samu a ofishin Citizens Advice, wata ƙungiya mai ba jama'a shawara kyauta, ita ce ta hana ni wannan wauta. Ta bayyana mini cewa bashi sunan mai shi yake bi, ba ya manne wa gida, kuma dokar 2007 da ta tsara ƙwace kaya ta ba jami'in ƙwatar bashi izinin taɓa kayan wanda ake bi kaɗai. Ba shi da damar zuwa kafin ƙarfe 6 na safe ko bayan 9 na dare, ba zai ɓalle ƙofa a kan bashin haraji a zuwan farko ba, amma idan ya tarar da ita a buɗe, ko aka ce masa ya shigo, to ya shiga bisa doka.

Wannan ne ya fi yi mana wuya, domin mu an raine mu a kan cewa wanda ya yi sallama shimfiɗa ake yi masa kafin a tambayi abin da ke tafe da shi. Uwargida ta ce, "Haba Maigida, yanzu mutum ya ƙwanƙwasa in bar shi tsaye cikin wannan sanyi?" Na ce mata a wannan karon ta taga za a gaisa. Motata kuwa a bakin titi take kwana, ita ce mafi sauƙin kamawa, kuma takardar rajistarta ta DVLA, hukumar rajistar motoci, ma a jikinta an rubuta cewa ba shaidar mallaka ba ce, don haka sai da na lalubo rasitin saye.

Na aika wa kamfanin masu ƙwatar bashin imel ɗauke da lambar fayil ɗin, da kwafin yarjejeniyar haya mai nuna ranar shigata, da takardar harajin gida mai sunana, na kuma tura wa ƙaramar hukumar kwafi, tunda ita ce ta ba su aikin, ita ce kuma ke iya janye shi. Da a makon farko na yi haka, da ban ga jar takarda ba.

Kafin amsa ta zo jami'in ya dawo. Na nemi katin shaidarsa ta taga, ni ma na manna takarduna a gilashi ya karanta, ya rubuta wani abu a na'urarsa ya wuce. Na nace sai an ba ni tabbaci a rubuce cewa an cire adireshina, ya kuwa iso bayan kusan mako biyu.

Takardun nan har yanzu suna cikin jaka ɗaya kusa da ƙofa. A watan Janairu wani kamfanin daban ya turo tasa wasiƙar da sunan mutumin nan, a ranar na aika masa da kwafinsu.