Anko, wake da suga irin na Japan

Jama'a wake da suga fa kayan zaƙi ne a Japan, ba wasa nake ba. Anko suke ce masa, shi ake cusawa cikin dorayaki, wato fanke biyu a haɗe, da taiyaki, wani ɗan kek mai siffar kifi. Waken azuki ake sawa, ƙanana jajaye.

Ki wanke ki ɗora, in ya tafasa ki zubar da ruwan farko don shi ke da ɗaci-ɗacin nan, ki sake ruwa ki rage wuta ya yi ta dahuwa wajen awa 1 kina ƙara ruwa kar ya kama, har sai kin matse ƙwaya da yatsa ta murƙushe ba gardama. Sannan suga. Kar ki kuskura ki sa tun bai yi laushi ba, wallahi ƙin nuna zai yi. Wake giram 200, suga kusan 200, ni dai 150 nake sawa, zaƙin nasu ya min yawa. Ɗan gishiri kaɗan.

Ki yi ta juyawa har muciya ta bar hanya a gindin tukunya, ki sauke, in ya huce zai ƙara kauri. Mai ƙwayoyi tsubuan sunansa, wanda aka tace a rariya koshian, ni kam ba ni da juriyar tata.