Godiya daga tsangayarmu

Assalamu alaikum. A madadin Alaramma da gardawa, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar almajiranmu da suka kamu da tarin fuka. Ƙolon da ya fi jin jiki ya haɗiyi ƙwayarsa ta ƙarshe, an gwada kakinsa babu sauran cuta. Alhamdu lillahi.

Godiya ta farko ga ma'aikaciyar lafiyar unguwarmu. Wucewa take yi da yamma ta jiyo tarinsa daga zaure, ta dawo ta tambayi tun yaushe. Muka ce ƙurar hunturu ce, ana ba shi zuma da citta. Ta ce, "Malam, tarin da ya kai mako 2, ga zufar dare ga rama, sai an gwada." Washegari ta zo da 'yar roba mai murfi ta karɓi kaki. Na'urar gwajin kaki mai suna GeneXpert ta nuna tarin fuka ne, kuma irin mai jin magani.

Ba ta tsaya nan ba. Cutar iska take bi, yaranmu kuwa ɗaki ɗaya suke kwana, tabarma na gogar tabarma, taga a toshe da tsumma saboda sanyi. Ta dage aka duba kowa har Alaramma. Akwai waɗanda ko tarin kirki ba su fara ba, hoton ƙirji ne ya tona, suka hau magani tun ba su kwanta ba. Sauran aka ba su na kariya.

Maganin wata 6 ne, kyauta, amma mai jinya na son abinci, bara kuwa ba ta riƙe shi. Iyayen ɗakin yaran nan su suka riƙa aiko kunun gyaɗa da wake da ƙwai. Allah ya saka muku da Aljanna, Hajiyoyi. Haka gardin da kullum bayan asuba ba ya motsawa sai ya ga an haɗiye, ko ranar da fitsari ya koma ja kamar an zuba zoɓo yara suka firgita. An riga an faɗa masa aikin maganin ne.

Maƙwabtan da suka janye 'ya'yansu, ba mu riƙe ku ba, tsoro ne.

Malaman tsangayu, kiran lambar waya 3340 kyauta ne, za a faɗa muku inda ake gwaji kusa da ku. Ranar Juma'a bayan la'asar akwai saukar Alƙur'ani da 'yar walima a ƙofar Alaramma, kowa ya zo.