Na bude shafin 'yan kwallon kwando na sakandare, amma ba yara ne za su biya ba

Jama'a tun da na sa sanarwar bude shafin nan a WhatsApp tambaya daya ake ta jefo min, wai wa zai cire kudinsa duk wata don ya karanta labarin yaran sakandare masu buga kwallon kwando, a Zariya kuma, da wannan tsadar data? Toh bari in warware muku.

A Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta. Shafin Rivals tun 1998 suke yi har Yahoo ta saye su a 2007, 247Sports kuma ta zo a 2010. Su aikinsu bin yaro tun yana sakandare, su ba shi taurari, wanda ya kai biyar shi ne gwani, kuma masu biyan kudin yawanci magoya bayan jami'o'i ne da suka matsu su ji wane yaro ne zai zo musu badi. Mu nan fa? Ba na jin akwai mutum a Samaru ko Kongo da zai biya ko sisi don ya san wanda ABU za ta dauka. Shi ya sa ban ma bi ta nan ba.

Wadanda nake nema su biya kociyoyi ne na waje. Su suna da guraben karatu kyauta, mu muna da yara, a tsakani kuma ba amana, wannan gibin shi ne kasuwata. Koci yana zaune a can za a turo mai bidiyon minti daya yaro yana ta zura kwallo ba mai tare shi, an ce tsayinsa kafa shida da inci takwas, shekarunsa sha shida, ta ina zai tabbatar? Ni abin da zan sayar kenan, in auna yaro da kaina ba takalmi, in dauki wasa gaba daya daga farko har karshe har da inda ya gaji ya daina komawa baya tsaro, in kuma ga sakamakon makarantarsa da idona, don NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sai ta duba WAEC ko NECO dinka kafin ta bari ka taka fili, komai tsayinka.

Maganar shekaru kuwa nan ne rigimar take wallahi. Wani dattijo ya same ni a kan dansa, yaro mai kyau, hannu kamar me, ya ce min dana a dan rage mai shekara biyu mana kowa ma haka yake yi. Na ce Baba ka yi hakuri, ranar da aka kama shafin nan da karya daya duk yaran da ke ciki na jawo musu, har wadanda ba su ji ba ba su gani ba. Bai ji dadi ba, ni ma ban ji dadin fada mai ba, amma ban sa ba.

Kuma yaro ba zai biya ko kwabo ba kafin ya shiga. Mun sha jin masu cewa su ejan ne, a karbi kudin iyaye da sunan biza da kudin fom, daga nan waya a kashe. Da zarar na karbi kudin yaro na zama dayansu, kuma ta yaya zan rubuta cewa hannunsa na hagu bai da karfi bayan ubansa ya biya ni?

Masu cewa me ya sa Zariya, ku tuna a garin nan Masai Ujiri ya taso, a hannun Koci Oliver Johnson ya koyi wasa, Masai din ne ya kafa Giants of Africa, kungiyar horar da matasan Afirka kwallon kwando, a 2003, kuma yana shugabancin Toronto Raptors suka ci kofin NBA a 2019. Abin da mutane ke mantawa shi ma ta karamar kwaleji ta shekara biyu ya bi, Bismarck State a Dakota ta Arewa. Irin wadannan kwalejojin zan fara kwankwasa wa kofa, don manyan jami'o'in rukunin farko (Division I) ba a yarda su biya shafi irin nawa ba sai NCAA ta tantance shi tukun, wannan sai nan gaba in Allah Ya yarda.

Zan fara da makarantun cikin gari da Sabon Gari da Samaru, maza da mata, musamman masu shirin gasar Milo ta makarantun sakandare. Malaman wasanni ku taimaka min da jadawalinku, kuma ba zan dora hoton yaro ko bidiyonsa ba sai iyayensa sun amince a rubuce. Sannan duk mai abin dora waya mai kafa uku da ba ya amfani da shi don Allah ya ara min, hannuna rawa yake in wasa ya yi zafi.