Kafin A Miƙa Wa Yaro Makulli

A ƙauyenmu da ke gefen hanyar Kano zuwa Haɗeja, ba nisa da Ringim, yaro yakan fara hawa babur tun ƙafarsa ba ta gama kai ƙasa ba. Ana aikensa kai markaɗe, ko ɗauko takin zamani, ko kai wa masu aiki abinci a gona, kuma kowa yana ganin hakan a matsayin alamar yaro ya fara zama mutum. Makon jiya na je gaishe da yayana, sai na tarar ɗansa mai shekara 15 ya fito da babur, ya goya ƙannensa biyu, zai hau kwalta da su zuwa Islamiyya. Na ce, "Yaya, wa ya koya wa yaron nan tuƙi?" Ya amsa da cewa, "Ai shi ya koya wa kansa, kwana biyu kacal ya yi a filin makaranta." Yadda ya faɗi maganar da alfahari shi ne ya hana ni barci a daren.

Abin da yaron ya koya a kwana biyun nan shi ne tayar da inji, da sakin kuloci a hankali, da sauya giya, da riƙe kan babur kada ya kife. Wannan duka sarrafa ƙarfe ne, kuma yara suna da saurin kama shi fiye da manya. Amma tuƙi yana da wani ɓangare da ba a koyonsa a fili, wato sanin hanya da abin da take iya jefo wa mutum, da sanin tazarar da abin hawa yake buƙata kafin ya tsaya. Babur ko motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, wanda ke nufin kafin direba ya ga akuya ta faɗo titi, ƙwaƙwalwarsa ta yanke shawara, ƙafarsa ta kai kan birki, ya riga ya wuce tsawon zaure da tsakar gida. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata takan ninka sau huɗu ne, ba sau biyu ba. Babu yaron da zai gano wannan da kansa, sai dai a zaunar da shi a faɗa masa, ko kuma hanya ta koya masa, ita kuwa hanya ba ta koyarwa da sauƙi.

Hanyoyinmu na karkara suna da nasu halin da ya sa wannan ilimi ya fi zama dole. Da kaka mutane kan shanya amfanin gona a bakin kwalta su tokare shi da duwatsu. Da hunturu hazo yakan sauko har mutum bai iya hango abin da ke gabansa sosai. Da magariba amalanken shanu suna dawowa daga gona babu fitila, babu wani abu mai ƙyalli a bayansu, ga garken Fulani yana tsallaka titi a inda ya ga dama. Ranar Alhamis motocin kasuwar Maigatari suna tafe da lodi fiye da kima, haka ma ranar Juma'a a hanyar Wudil, kuma direban babbar mota da ya kwana yana tuƙi ba zai iya tsayawa nan take don yaro ya fito daga burji ya hau kwalta bai duba ba. Tsohon direba yana rage gudu tun kafin ya ga haɗarin, domin ya san inda yake ɓuya. Yaro kuwa sai ya gani sannan ya fara tunani.

Dokar ƙasa ba ta bar wannan al'amari a buɗe ba. Sai mutum ya cika shekara 18 ake ba shi lasisin tuƙi a Najeriya, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta shardanta cewa mai neman lasisi na farko ya bi ta makarantar koyon tuƙi da ta amince da ita, sannan jami'an duba ababen hawa su gwada shi. Ƙa'idar hanya ta kayyade gudun kilomita 50 a awa a cikin gari. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Na san za a ce makarantun nan a birni suke, a Kano ko Dutse, kuma kuɗinsu yana da nauyi ga manomi, kuma gaskiya ne. Sai dai duk wanda ya taɓa jinyar karaya, daga kuɗin mota zuwa asibiti, zuwa hoto, zuwa watannin da mai jinya zai yi bai je gona ba, ya san wanne ya fi tsada.

Akwai kuma ɗabi'un da ba sa buƙatar ko sisi, waɗanda gida ne ya kamata ya dasa su. Hular kwano ita ce ta farko, domin ƙashin ƙafa yana ɗoruwa, amma kai idan ya bugi kwalta sau da yawa ba a samun gyara. Matasanmu suna cire madubin babur tun ranar da aka saye shi, wai don ya fi kyau, alhali madubin nan shi ne idon da ke nuna musu tirelar da ke tafe a baya. Ga amsa waya ana tafiya, ga goyon mutum uku ko huɗu, ga kuma wasan ganganci ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya, inda ake ɗaga tayar gaba ana tsere, manya suna tsaye suna kallo babu mai tsawatarwa. Wannan na ƙarshe ya fi ci mini rai, saboda yaro yana yin sa ne don a yaba masa, kuma mu ne muke yabon.

Idan abu ya faru mukan ce ƙaddara ce, kuma babu musulmin da ke musun ƙaddara. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, kuma uban da ya miƙa makulli ga yaron da bai san hannunsa a titi ba, bai ɗaure komai ba.

Washegari na koma wurin yayana muka yi magana ta fahimta, ba tare da yaron yana wurin ba. Mun tsaya a kan cewa ba zai sake hawa kwalta ba, kuma ba zai goyi kowa ba, aikensa ya tsaya tsakanin gida da gona, da rana. Wani maƙwabcinmu da ya shekara fiye da 20 yana jan motar haya ya yarda zai riƙa zama da shi da sa'o'insa bayan la'asar ranar Juma'a, yana yi musu bayanin alamomin hanya da yadda ake shiga babban titi. Ni kuma na ɗauki nauyin hular kwano da sabon madubi. Da aka faɗa wa yaron, ya ɓata rai ya ce, "Baffa, ai duk abokaina suna hawa." Na ce masa na sani, kuma gidajensu zan bi ɗaya bayan ɗaya in gana da iyayensu.