Yadda muke ɗaure babur a kan mota ko tirela

Sana'armu ita ce dakon babura, kuma abin da muka fi tinƙaho da shi shi ne babur ya sauka a tsaye kamar yadda ya hau, babu ƙwarzane a fenti, babu ɗigon mai a ƙasa. Mutane da yawa suna zaton ƙarfin ɗauri ne yake tsare babur a hanya, alhali kuwa sanin wurin da za a kama da kuma gwargwadon matsewa ne suke yin aikin.

Idan muka turo babur ta kan katakon hawa, mutum biyu muke yi, sai mu cusa tayar gaba cikin makarin ƙarfe da aka kafe a ƙasan mota, mu sa shi a giya ta ɗaya, mu rufe makunnin mai idan yana da shi. Ba ma barin sa jingine a kan ƙafarsa ta gefe, domin gargada tana iya lanƙwasa ta. Bel huɗu muke amfani da su, masu ƙugiya da abin ɗamewa. Biyun gaba suna kama ƙarfen da ya haɗa ƙafafuwan shokazoba a ƙarƙashin fitila, su sauko gaba da gefe a karkace, kusan digiri 45, sannan biyun baya su hana gindin babur zamewa a kwana. Salansa da madubi da tiyon birki ba wuraren ɗauri ba ne ko kaɗan.

Maigidana da ya koya mini aikin yakan tsaya a kaina ne wajen danna shokazobar gaba. Yakan sa in ɗame dama kaɗan, in koma hagu in ɗame kaɗan, har babur ya miƙe sak, shokazoba ta nutse kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Idan ba ta nutse ba, da an faɗa rami bel zai saki, ƙugiya ta fita. Idan kuma aka danne ta har ƙarshe, robar da ke riƙe manta tana wahala. Daga nan sai ya kama babur ya girgiza, yana so ya ga motar ce take motsi tare da shi. Har yau da wannan gwajin nake sallamar kowane kaya.

Abin da yake ɓata mini rai shi ne masu karya farashi, waɗanda suke kwantar da babur a gefensa su naɗe shi da tsohuwar roba, fetur yana zuba, hannun kuloci yana karyewa. Sai mai babur ya zo yana ciniki da mu da kuɗin da suka faɗa masa, bai san cewa kowane bel namu yana ɗauke da takardar nauyin da zai iya riƙewa ba, kuma da zarar ya fara zarewa muke jefar da shi.

A kan tirela kuwa muna sa mafi yawan nauyi gaban tayoyinta, domin nauyin baya yana sa ta lilo idan an yi gudu. Muna naɗe jelar kowane bel don kada iska ta riƙa kaɗa ta a jikin tanki, kuma direbanmu yana tsayawa bayan 'yan kilomitoci na farko ya sake taɓa ɗaurin ɗaya bayan ɗaya, saboda a nan ne bel yake fara sassautawa.