Yis ɗin da ya kunyata ni a Agege

Shekarata biyu ke nan da tarewa a Agege ta Legas lokacin da maƙwabciyata ta haihu, aka ba ni aikin funkason suna. Tun ina gidanmu a Kano hannuna ya faɗa da funkaso, saboda haka ban ɗauke shi wani aiki ba. Na kwaɓa mudu 6 na garin alkama bayan sallar Asuba, na rufe robar da zane, na koma kan kabewar miyar taushe. Ƙarfe 9 na ɗaga zanen. Kwaɓin na nan kwance yadda na bar shi, ko ido ɗaya bai yi ba. Na fito da shi rana, na ƙara awa guda, shiru. Da na gwada soya ɗaya sai ya fito kamar tafin takalmi, ya sha mai ya yi nauyi.

Ƙanwar mahaifin maigidana ce ta leƙo kicin, ta ce in nuna mata yis ɗin. Na miƙa mata ƙullin leda da na saya a wani shagon unguwa, irin wanda ake ɗiba daga buɗaɗɗen fakiti a ƙulla. Ta murza shi a tafin hannu, ya dunƙule, ta ce, "Amarya, ai wannan gawa kika sayo." Na ce, "Gwaggo, a Kano haka muke saye, bai taɓa ba ni kunya ba." Ta ce, "To nan Ikko ce." Ranar sai burodin Agege aka aika aka sayo, baƙi suka ci da miyar taushe, ni kuwa na ƙi fitowa tsakar gida.

Daga baya na gane abin da take nufi. Yis abu ne mai rai, busar da shi kawai aka yi ya yi barci.  Abin da yake yi shi ne ya ci sukari ya fitar da iska, iskar nan ce take kumbura kwaɓi. Maƙiyansa iska da laima da zafi, kuma Legas ta haɗa su duka. A Kano lokacin hunturu ko a buɗe kika bar shi zai ɗan jure. A nan kuwa, a watan Yuni da gishiri ma yake jiƙewa a cikin gwangwani, ƙullin leda da ya kwana biyu kusa da risho ya gama yawo.

Yanzu ba na sayen na ƙulli ko kyauta ne. Fakitin gram 500 nake saye, wanda aka zuƙe wa iska, a wurin masu kayan burodi, in na shiga tsibirin Eko kuma a kasuwar Oke-Arin. Kafin in biya sai na danna shi da yatsa. Mai kyau tauri gare shi kamar bulo. In ya yi laushi ko kin ji garin yana motsi a ciki, iska ta shiga, ki ajiye musu kayansu. Ina duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Wanda ba a fasa ba yakan kai shekara 2 daga ranar da aka yi shi, amma da zarar an yanka bakinsa lissafin ya canja.

Wurin ajiya ne na sake yin wauta. Na juye duka a kwalba ɗaya na sa a firiza, kullum in ciro in buɗe in ɗiba in mayar. Ashe duk buɗewar da zan yi kwalbar na da sanyi, laimar ɗakin tana shiga ta zama gumi a kan yis ɗin. Ga wutar NEPA da za ta ɗauke kwana biyu, ya huce, ta dawo ya sake daskarewa. Kafin wata 2 ƙarfinsa ya ragu, sai na ninka awo kafin fanke ya tashi, ga wani wari da yake barin wa kwaɓi. Abin da nake yi yanzu, ranar da na fasa fakiti nake raba shi cikin ƙananan kwalabe 5 masu murfin da yake kamawa, busassu ƙarau. Huɗu su shiga can ƙasan firiza, ɗaya a firij don aikin yau da gobe. In zan ciro sabuwa, sai na bar ta ta huce a rufe kafin in taɓa murfin. Cokali mai jiƙa kuwa ba ya kusantarta.

Duk da haka ba na zuba shi a gari sai na gwada, musamman da azumi da nake soya na sayarwa. Ruwa mai ɗumi rubu'in kofi, ƙaramin cokali na sukari, cokali 2 na yis, a bar shi minti 10. In ya yi kumfa ya taso yana ƙamshin gidan burodi, da ransa. Ɗumin ruwan kamar na wankan jariri, wajen digiri 40. Da ya doshi 60 ya kashe shi, kuma na sha ganin masu gaggawa suna juye masa ruwan da aka sauke daga wuta, sannan su zagi mai shago.

Gwaggo dai har yau ba ta yarda da kwalabena ba. Ita guntun kwaɓin jiya take ragewa ta zuba a na yau, in ya yi tsami ta karya shi da ruwan kanwa, yadda ta ga ana yi a gidansu. Na gwada sau biyu a damina, zafin Legas ya sa ya yi tsamin da kanwa ta kasa. Nata kuwa tashi yake yi lafiya lau, kuma duk sanda na tambaye ta sai ta ce hannu ne.